Zuwa Fatakwal Ganin Ɗan Fari

Kwanakin baya ina dawowa daga gaisuwar rasuwa, mai Keke ya ratsa da ni ta wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, na ce masa ya ɗan rage gudu. Ciyawa ta rufe dogo, awaki na kwance a inda fasinja ke shimfiɗa tabarmi a da, wasu mata kuma sun shanya wanki a jikin wani tsohon tarago. Ya tambaye ni ko wani nake nema. Na ce a'a, kunne nake kasawa. Ya yi dariya ya ja Kekensa. Bai san cewa akwai zamanin da garin nan na Bauchi da kukan jirgi yake sanin lokaci ba. Muna yara a unguwar Wunti, in jirgi ya yi kuka da hantsi, mahaifiyata ta san lokacin ɗora sanwa ya yi. Kafin nan kuwa sai ka ji lugude daga gida zuwa gida, da ƙarar guga tana dukan bangon rijiya, da muryar masu tallan masa, da 'yan matan Fulani da suka shigo da nono tun raɓa ba ta bushe ba. Ina iya gane kowane gida a layinmu da amon turminsa. Yanzu in na farka, injin niƙa nake ji, da janareta, da hon ɗin babura, sai wayar wani tana kuka a ɗakin da ba kowa. Ba na cewa na da ya fi. Ina dai mamakin yadda duk waɗancan muryoyi suka ɗauke ba wanda ya lura da ranar da suka yi shiru.

A cikin yaran gidanmu ni na fara shiga jirgin nan, ba don na fi kowa hankali ba, sai don na fi kowa tambaya. Kakata ta wajen uba ce za ta Makurɗi ganin Baffa, yayan mahaifina, wanda aikin jirgin ƙasa ya kai can har ya yi iyali ba ta san fuskokinsu ba. Da aka ce a zaɓa mata 'yar rakiya sai ta ce, "Ku ba ni mai bakin nan. Gara ta ishe ni a hanya da ta ishe ku a gida."

Shiri aka fara tun damina ba ta ɗauke ba. Aka shanya kuɓewa, aka daka daddawa, aka soya man shanu aka ɗura a kwalba, aka yi dakuwa da ƙuli-ƙuli. Ni aikina tankaɗen kuka, ina yi har hancina ya zama kore, Kaka na bisa kaina tana cewa in sake, wai can ba su da kuka, kada su ce haka tamu take da tsakuwa. Ana jibi tafiya mata suka yi ta shigowa sallama, ana yafe wa juna, wasu har da hawaye. Kowa da saƙonsa. Wata ta ce in mun ga ƙaninta mai sayar da fata a Ikko mu ce masa an yi masa haihuwa, don a tunaninmu Kudu duk unguwa ɗaya ce, in ka leƙa ta katanga za ka hango kowa. Abin da na lura da shi kuwa, duk tsawon shirin nan Kaka ba ta ambaci sunan wanda za mu wurinsa ba. "Wancan na Makurɗi," haka take cewa, ta kuma kau da kai in wani ya faɗi sunan. Shi ne ɗanta na fari, kuma a lokacin macen kirki ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon fuskarsa, ba ta nuna ta san yana ɗaki.

Tafiyar ba ta fita daga kaina ba har yau. Bencin katako, hayaƙi yana shigowa ta taga yana sa mu hawaye, mutane da kaji da ƙullin kaya duk a tarago ɗaya, kowa ya buɗe abincinsa sai ya miƙa wa na kusa. Muka hau duwatsun Jos sanyi ya kama ni, na ga mata da kaya a kafaɗa maimakon ka. A Kafanchan muka sauya jirgi, masu talla suna kiran kaya da yarukan da ban taɓa ji ba. Daga nan ƙasa ta fara ja, itatuwa suka fara cunkushewa, na ga doya wadda ta kai girman jariri.

"Kaka, su waɗannan in sun yi addu'a da yarensu Allah yana ji?"

"Shi ya ba su yaren."

"To me ya sa bai ba mu duka iri ɗaya ba?"

"In mun koma ki tambayi malaminku. Ni bar ni in ji da ƙafata."

Da muka hau gadar Binuwai ƙarfe ya fara amo a ƙarƙashinmu, Kaka ta rufe ido tana salati, ni kuwa na zura kai ta taga. Ruwa ne iya ganina, da kwale-kwale ƙanana kamar ɓawon gyaɗa. Sai da wani dattijo ya janyo ni ta baya da ɗankwalina.

Baffa na tsaye a tasha cikin kakinsa, dogo, da matarsa da yara a bayansa. Yana hango mu ya cire hula ya durƙusa a ƙasa a gaban abokan aikinsa. Na ɗauka Kaka za ta rungume shi. Sai ta ja mayafi ta rufe gefen fuska, ta dubi dogo, ta ce, "Lafiya." Shi ke nan. Ta juya wurin matarsa ta ce, "Ina mazajen nawa?" Ta kama jikokin nan tana juya su, tana tsokanar babban wai ya yi mata ƙanƙanta da aure, tana cusa musu dakuwa a baki. Abin ya ɗaure mini kai. Duk tankaɗen da na sha, duk hayaƙin da muka shaƙa, kalma ɗaya muka kawo? Da na tambaye ta sai ta ce in rufe bakina, ba ni da ta ido.

Wata safiya, gari ya fara haske, na farka na ga ba ta kan tabarma. Tana tsaye jikin taga, ta buɗe ƙyauren katako kaɗan, abin da ido ɗaya zai leƙa. Na lallaɓa na tsaya a bayanta. Baffa ne a tsakar gida yana goge kekensa. Ya ɗaure ƙafar wandonsa, ya shafa kan ƙaramin ɗansa, ya tura keken ya fita. Ba ta motsa ba har ya sha kwana. Da ta waiwayo ta gan ni ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Tafiyar ubansa gare shi. Ban sani ba sai yau." Kullum haka take yi har muka taho. A jirgin dawowa na sake gwada sa'ata, na ce me ya sa ba ta yi hira da shi ba. Ta ce, "Na gan shi, yana cin abinci, matarsa na da kirki. Abin da ya kawo ni ke nan." Ba ta sake komawa ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Da na girma na yi aure a unguwar Gwallaga, na haifi nawa ɗan farin, na yi yadda na ga ana yi. Ana yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi zuwa Wunti. Ita yake kira Inna, ni kuwa Adda, kamar yayarsa. In zan yi maganarsa da ƙannensa sai in ce "yayanku". Ban ɗauki wannan a matsayin rashi ba. Ado ne a wurinmu, har yabon mace ake a ce wance akwai kunya, ɗanta ya faɗi a gabanta ba ta ko ɗaga ido ba. Ya yi karatu, aiki ya kai shi Fatakwal wajen tashar jiragen ruwa, ya auri wata yarinya 'yar Auchi da ta zo bautar ƙasa nan Bauchi ta koyi Hausa. Suka haifi mace suka sa mata sunana, suna kiranta Ummi, don shi ma bakinsa ba ya iya faɗin nawa. Wata Sallar su zo, wata ba su zo ba. In ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina duban bango, ya ɗan jima ya tashi. Abin da ya kawo mini ta hannun ƙanwarsa yake shigowa.

Ƙanwar tasa, autata da ke aure a Gwallameji, ita nata ɗan farin a kafaɗa take yawo da shi. Ta ƙwala masa kira da sunansa daga wannan layi zuwa wancan, ta sumbace shi a gaban surukanta, hotonsa ne a fuskar wayarta. Da farko kau da kai nake in na gani. Daga baya na kama kaina ina satar kallonsu, ina tambayar zuciyata ko yaya abin yake a baki, mutum ya kira sunan nan haka kawai kamar yana kiran ruwa.

Ana nan, wata ranar da la'asar wayata ta yi kuka, na ji muryar surukata. Bayan gaisuwa ta ce, "Mama, an yi wa baban Ummi aiki a ciki. Hanjinsa ne ya toshe. Ya sha wuya, amma an sallamo mu, yana gida."

Na ce, "Shi ne ba wanda ya gaya mini?"

"Shi ya hana. Ya ce kada a tayar miki da hankali a banza, tunda ba zuwa za ki yi ba."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, yarinya ce mai faɗin abu yadda ta ji shi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Ba fushi na ji ba. So nake in san tun yaushe ya yanke wannan hukunci a ransa, da kuma abin da ya gina shi a kai. Na ce mata kada ta gaya masa komai. Na kira auta na ce Fatakwal za ni. Ta ce to a nema mini jirgin sama. Na ce in na hau sama me zan gani, gajimare akwai shi a Bauchi. Mota zan bi.

Shirin da ya ci wa Kaka kaka guda, ni a safiya ɗaya na gama shi a kasuwar Wunti. Kuka a tankaɗe a leda, daddawa a leda, man shanu a roba. Ba wanda ya zo neman yafiya. Duk wanda na yi wa sallama sai ya ce, "To Hajiya, in kin isa ki kira." Allah Ya haɗa ni da abokiyar tafiya, maƙwabciyata Maman Rifkatu, Basayiya ce daga wajen Bogoro, tsohuwar nas, za ta Aba wurin 'yarta da ta haihu. Ita kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji. Ba mu kai Toro ba ta ce, "Hajiya, kai ba ka gajiya da tambaya? Ka bar direba ya ga hanya."

To ai dole in yi tambaya. Samarin da ke motar kowa ya toshe kunnensa da waya, ba mai duban taga. Na buɗe masar da na taho da ita na miƙa baya, suka dubi juna kamar na miƙa musu wani abin tsoro, sai da Maman Rifkatu ta ɗauka ta ci sannan hannaye suka fara zuwa. Shingen jami'ai kuwa ba a magana, ka tashi daga wannan ka faɗa wancan. Na ƙagu mu iso Binuwai, na gyara zama na shirya idona. Kafin in gama bisimilla mun haye. Ta sabuwar gada muka bi, tsohuwar ta ƙarfe na hango ta can gefe, ta yi mini ƙanƙanta har na yi shakkar ko ita ce. Muka kwana a Inugu gidan wasu 'yan'uwan Maman Rifkatu, suka ba ni ɗaki da buta suka nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba. Washegari na ga abin kallo. Itatuwan kwakwar manja ba iyaka, ruwan sama yana zuba nan rana na haskawa can, mata tsofaffi kamata suna tuƙa babur da buhu a baya, masu sayar da akwatin gawa sun jera su a bakin titi an yi musu fenti kamar kayan ɗaki. Kuma duk inda muka tsaya sai na ji "Sannu Hajiya." Yaranmu ne, masu albasa, masu tsire, masu gyaran takalmi. Na tambayi wani mai albasa mutumin Darazo yaushe rabonsa da mahaifiyarsa. Ya sosa ƙeya ya ce suna dai waya. Na ce ta taɓa zuwa nan? Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, ni ne fa na fari."

A Aba muka rabu da Maman Rifkatu, ta damƙa ni a hannun direba tana ja masa kunne. Surukata da Ummi suka tarbe ni a tashar Fatakwal cikin ruwa. Ummi ta zama budurwa, ta fi ni tsawo, Hausarta tana tafiya tana tuntuɓe. Gidansu a bene yake. Ina shiga falo na gan shi kwance a doguwar kujera, an rufa masa zane. Ya ɗago ya ce, "Adda?" Sai ya fara kokawar saukowa ƙasa ya durƙusa, yana dafe da ciki. Hannuna da kansa ya kai ga mayafi, fuskata ta juya bango. Na ji bakina ya ce, "Lafiya." Sannan na ce wa matarsa, "Ki ce masa ya kwanta, kada ɗinkin ya buɗe."

Ummi ta dube ni, ta dubi ubanta. Ta ce, "Kaka, ga shi nan a gabanki. Me ya sa kike aika masa saƙo?"

Uwarta ta daka mata tsawa, shi kuma ya ce a ƙyale ta. Ni dai na ce a nuna mini inda zan yi alwala.

Na karɓi girkin mara lafiya. Ina dama masa kunun gyaɗa, ina kaɗa miyar kuka mai ruwa-ruwa, surukata na kai masa. Ita kuma tana nuna mini nasu, ganyayen da ban san sunansu ba, da wasu ƙananan dodon koɗi da ake tsotsa a miya. Na gwada ɗaya, na ce Allah Ya ba masu ci lafiya. Ummi kuwa ta maƙale mini kamar ƙaya. Me ya sa nake cin goro, wa ya yi mini zanen da ke kumatuna, da gaske ne a da ba wuta a Bauchi. Rannan muna tsince shinkafa ta ce, "Kaka, me ya sa ba kya faɗin sunan Baba? Kin manta ne?"

"Ban manta ba. Kunya ce."

"Me ya yi miki na kunya?"

"Bai yi komai ba. Haka ake yi."

"Kunyar wa kike ji, to? Shi, ko mu?"

Na ce ta tashi ta kawo mini ruwa. Amma tambayar ba ta tashi ba. Na zauna ina lissafo waɗanda za su yi mini dariya in sun ji na yi masa magana: mahaifiyata, gwaggonnina, uwar mijina, matan layinmu na Gwallaga masu tafa hannu. Duk suna ƙarƙashin ƙasa. A garin nan kuwa ba wanda ya san ma ana yin haka. Na zo da kunyata tun daga Bauchi kamar yadda na zo da kuka, amma ita ba wanda ke jiranta.

Bayan 'yan kwanaki surukata ta koma aiki, Ummi na makaranta, gida ya rage daga ni sai shi. Da azahar ruwa ya sauko. Na dama kunu na kawo, niyyata in ajiye a bakin ƙofa in yi gyaran murya. Na leƙa na ga barci yake. Na shiga na ajiye kofin a tebur, sai ƙafata ta ƙi fita. Na zauna a kujerar da ke kusa na dube shi. Furfura ta cika masa gemu. Gashin gabansa ya ja baya irin na mahaifina. Kunnuwan nawa ne, ƙanana masu lanƙwasa, ban taɓa sanin na ba wani su ba. Sai na ga wani tabo ya raba girarsa ta hagu biyu, tsohon tabo, har da alamar ɗinki. Ina cikin dubansa ya buɗe ido. Wuyana ya so ya juya, na hana shi.

Na ce, "Wannan tabon fa?"

Ya waiga bayansa ya ga ko da wani nake. Sannan ya kai yatsa ya taɓa wurin. "Wannan? Ai tun ina firamare, Adda. Daga kan mangwaron bayan gidan Inna na faɗo. Har asibiti aka kai ni."

"Ina ina a lokacin?"

"Kina Gwallaga. Kin aiko da farfesun kaza, kika ce a kai wa Inna."

Na tuna. An zo an ce mini yaron Wunti ya faɗo daga bishiya, a gaban uwar mijina aka faɗa, na ce Allah Ya sawwaƙe na ci gaba da tsefe kaina. Da ta fita na sa aka yanka kazata. Ban tambayi inda ya ji ciwon ba, don tambayar ma abin faɗe ce.

Ya ce, "Na san nawa ne. Inna ba ta cin kaza."

Dariya ta kama shi yana riƙe ciki yana cewa wayyo, ni ma ta kama ni na rufe baki da mayafi. Da muka lafa na ce, "To ɗan yatsan nan da ya karkace fa?" Ya ce ƙwallo ce, a sakandare, shi ne mai tsaron gida. Ban san ya taɓa buga ƙwallo ba. Na tambaye shi wa ya koya masa iyo, tunda aikinsa a bakin ruwa yake. Ya ce bai iya ba har yau, tsoron ruwa yake ji, abokan aikinsa na yi masa tsiya. Na tambaye shi me ya gani a jikin yarinyar nan ya aure ta, ya ce ranar da ya fara ganinta faɗa take da mai nama a kasuwar Wunti da Hausar da ba ta fi cikin cokali ba, kuma ta yi nasara. Na tambaye shi abincin da ya fi so. Ya ce ɗanwake. Ni duk shekarun nan in za su zo Sallah masa nake sa a yi, don an taɓa ce mini yana so. Ya ce yana ci ne saboda daga ɗakina take fitowa. Kunun ya huce ba mu sani ba. Muna nan har surukata ta dawo, ta tsaya a ƙofa da jaka a hannu tana dubanmu, ta juya a hankali ta shige kicin.

Na daɗe a Fatakwal fiye da yadda na yi niyya. Ya warke har ya fara fita. Ya kai ni na ga jiragen ruwan nan, kowanne ya fi layinmu tsawo, na tambaye shi yadda ƙarfe mai nauyi haka yake zama bisa ruwa, ya yi mini bayani na ce ban yarda ba. Sunan nasa dai ban faɗa ba. Na gwada sau ɗaya ni kaɗai a kicin, a hankali, na ji kamar ina kiran ɗan maƙwabta. Na bar shi. Shi ma Adda yake ce mini har yanzu, kuma ya yi mini daidai. Amma na daina aika masa saƙo yana zaune a gabana, kuma ranar da na yi ɗanwake a kwano ɗaya muka ci, Ummi na ɗaukar mu hoto muna korarta.

Ranar komawa shi ya tuƙa ni zuwa tasha da sassafe, na zauna a gaba. Muka samu motar Jos ana lodi, aka ɗora kayana. Maimakon ya buɗe mini ƙofa sai ya riƙe sitiyari yana duban gaba. Ya ce, "Adda, ni ma ina da tambaya."

"Ina ji."

"Ranar da aka haife ni, yaya aka yi? Na tambayi Inna ta ce ba ta nan, ta je biki Dass. Ban san wa zan tambaya ba kuma."

Ba wanda ya taɓa tambayata wannan, ni ma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ɗauka ma ya shige mini. Ina buɗe baki sai ga shi duka a jere. Na ce masa ranar aka yi ruwan farko na shekarar, ƙasa na ƙamshi, yara na tsalle a tsakar gida. Ina cikin kwashe shanya naƙuda ta kama ni. Ɗakin yana yoyo ta kusurwa, aka tara tasa, ƙarar ɗigon nan nake bi in ciwo ya taso. Ungozoma ta makara don kwata ta cika ta hana ta tsallakowa, uwar mijina ce ta karɓe shi. Ya zo da gashi cike da kai, bai yi kuka ba sai da aka yayyafa masa ruwan sanyi, sannan ya buɗe murya har maƙwabta suka ji. Mata suka cika ɗaki, aka miƙo mini shi na juya baya, suka yi ta shewa suna yabona. Da aka kira magariba suka fita alwala, na janyo shi cikin zanena na shinshina kansa, na buɗe hannunsa na ga ƙumbunansa kamar ƙwayar gero, ya kama yatsana ya ƙi saki. Ina jin takun uwar mijina na mayar da shi na rufe ido kamar mai barci.

Ya kashe motar. Yaran tasha suna ta kiran saura mutum ɗaya, wani ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi, baban Ummi ya yi masa alama da hannu a sauke kayana. Muna kallo wata mata ta shige kujerata, aka rufe ƙofa, motar Jos ta tashi.

Ya share fuska da hularsa ya ce, "Akwai ta gobe."

Na ce, "To tayar mu koma. Ai a labarin ko ranar suna ban kawo ba tukuna."